Monitar da Ya Bari a Buɗe

Mijina mai gyaran rediyo da talabijin ne, da zamani ya juya ya haɗa har da kwamfuta. Shagonsa shi ne barandar ɗakinmu, a wani gidan haya da ke bayan babbar kwatar Nima. Daga Damagaram ya ɗauko ni, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka duk faɗin Accra ba ni da kowa sai shi. Na sha yi masa mita kan tarkacen da yake kwasowa daga kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, har ƙarƙashin gadonmu matattun talabijin ne. Nakan ce wata rana ni ma zai kwance ni ya cire abin da ke da amfani, shi kuma ya ce ba abin da zai samu a jikina sai baki.

Duk mai gyara a layinmu yana da madubi. Idan yana bayan allo hannunsa cikin wayoyi, sai ya jingina madubin a gaba don ya ga ko hoto ya fito. Mijina bai taɓa saye ba. Ni yake ƙwala wa kira, ko ina tsakiyar tuƙa tuwo, in zo in tsaya gaban allon in gaya masa ya kawo ko bai kawo ba. Na ce masa rowa ce, ya ce mai mata ba ya sayen madubi. Haushi nake ji a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Wata Laraba bayan azahar ya tashi daga kan aiki ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, bai sake tashi ba. An gaya mini a wurin jana'iza liman ya nemi duk mai haƙƙi a kansa ya faɗa ko ya yafe, kowa ya ce ya yafe. Bayan sadakar bakwai mutane suka watse, na ci gaba da takaba ni kaɗai. Na naɗe kwalli da turare da madubina a tsohon zane na tura ƙasan akwati. Ƙannensa suka shigo mini da teburinsa ɗaki saboda ruwan sama, kuma a kai akwai wata monita, wato allon kwamfuta, a kife, bayanta a buɗe, kusoshinta a gwangwanin kifi.

Na san mai ita. Wata budurwa ce a unguwar Maamobi da ke buga katin aure da na suna da kwamfuta a ɗan kes ɗinta na bakin titi. Ta zo gaisuwa har sau biyu, ta zauna kusa da teburin, idonta na zuwa kan monitar tana ɗaukewa. Da na yi mata maganar sai ta amsa da Hausar nan tasu da ba ta raba mace da namiji.

"Mma, kar ka damu. Na yafe ma Baba."

Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Yafiyar kunya ce, don maƙwabciyata mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan tasu, ta gaya mini kes ɗin yarinyar a rufe yake. Mijina ya karɓi kayan mutane ya ce zai gyara, ya buɗe, bai rufe ba. Wannan amana ce, kuma ban so ya kwana da ita a kabari. In na aika wa wani mai gyara, an dai gyara, amma ba hannun gidan nan ne ya sauke ta ba. Ko malamai za su yarda da wannan tunani ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da hantsi gidanmu kan zama kufai, kowa ya tafi nema, sai kiran yaran trotro, motocin hayar garin, daga titi. A irin wannan lokacin na jawo kujerarsa na zauna. Na tuna ya ce ciwon monitar a fawa yake, wato ɗan allon da ke karɓar wuta ya raba wa sauran. Fitilarta kan yi ƙifta-ƙifta, allon ya tsaya baƙi. Na tuna kuma ba ya taɓa fawa sai ya dangwala wayoyin ƙwan fitila a ƙafafun wani ɗan gwangwani da ke jikinta mai suna kwandensa, babban cikinsu, don yana riƙe wuta ko an zare fulogi. Na yi yadda yake yi, ƙwan bai ko kawo ba.

Ƙananan kwandensa kamar gunduwa-gunduwar rake suke, masu lafiya kansu a shafe, matattu kansu a kumbure. Ya riga ya cire biyu, suna cikin gwangwanin tare da kusoshi. A gefen kowane rami akwai ɗigon ja, alamar ɓangaren da ƙafa mai zane za ta shiga, don in aka juya ta fashewa take yi. Na kai hanci na shinshina ɗigon. Jan farcena ne, wanda na yi ta nema tun kafin azumi har na zargi 'ya'yan maƙwabta. Ga kwalbar nan a aljihun tebur, bayan dalma. Na zage shi a fili, sannan na yi kuka mai isata.

Na uku yana nan a kumbure bai cire ba. A nan ciwon kai ya tsayar da shi. Na buɗe kwalbar na ɗiga nawa jan kusa da nasa, nawa ya fi girma kuma ya karkace. Na zazzage gwangwanin madarar da yake tara kwandensan da ya ciro daga tarkace, na yi ta gwada lambobin jikinsu da na matattun, yadda nake zaɓen zare. Da na zo cire na ukun in dasa waɗanda na zaɓa, ayan ɗin narka dalma ya ƙone mini yatsa. Dalmar farko ta dunƙule ba ta kama ba, na narke na sake. Ƙaurin da ya tashi shi ne ƙaurin da ke jikin rigunansa, sai da na fita ƙofa na sha iska kafin na ƙarasa.

Na mayar da fawar na haɗa wayoyi, na tayar da monitar tsaye, hannu ɗaya na riƙe da ita daga baya don kada allunan su zube, ɗayan na soka fulogi. Ba ƙara, ba hayaƙi. Na buɗe baki zan tambaya ko ya kawo, sai na ga gaban allon ba kowa, labule ne kawai. Ban taɓa sanin haka bayan allo yake ba, mutum yana aiki bai ga abin da yake yi.

Na zare fulogi na kwantar da ita, na buɗe akwati na warware zanen. Na jingina madubin da flas ɗin shayi, na koma baya na tayar da ita na sake sokawa. Fitilar ta tsaya shuɗiya ba ƙiftawa, allon ya yi haske, wani ɗan rubutun Turanci yana yawo a kai. A gefen hasken ga wata mata da mayafin takaba, ta rame, leɓenta a bushe, ta leƙo daga bayan monita. Rabona da ganin fuskata tun ranar Larabar nan.

"Ya kawo," na ce.

Na ɗaure kusoshin duka, na goge allon da gefen zanena, na aika wa yarinyar. Da ta zo ta tambayi wa ya gyara, na ce mata Baba ne, ni rufewa kawai na yi. Ta yi masa addu'a, ta ɗora monitar a ka ta tafi. Teburin ya zama wayam, sai gwangwanin kifi da madubin a jingine inda na bar shi, yana kallon kujerarsa.