Vilma Bereczki da Fallen da Ya Yi Rara

Haihuwa da Asali

An haifi Vilma Bereczki a garin Csongrád da ke bakin kogin Tisza, a ƙasar Hungary, cikin watan Maris na shekarar 1938. Mahaifinta, Ödön Bereczki, mai jirgin fito ne, mahaifiyarta kuwa, Gizella, wankau take yi wa masu hali. Ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu, kuma ita kaɗai ce ta kai shekarun tsufa. Mai wannan rubutu ta zauna da ita a ƙungiya ɗaya fiye da shekara ashirin, ta ga ya wajaba ta tattara tarihinta yadda yake, domin tun ba a je ko'ina ba mutanen gari sun fara ƙara masa gishiri, alhali abin da ya faru ba ya bukatar ƙari.

Karatu da Sana'a

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1945, bayan yaƙi ya lafa, ta kammala a 1953. Malamanta sun shaide ta da natsuwa da kuma taurin kai, kuma ba a san ta rabu da ɗaya daga cikinsu ba har ƙarshen rayuwarta. A 1954 aka ɗauke ta aiki a masana'antar ɗinkin tufafi ta garin, inda ta yi shekara talatin da tara a kan keken ɗinki, tana haɗa wuyan riguna. Guntayen ƙyallen da ake sharewa a ƙasa takan tsince su ta kai gida, har abokan aikinta suka riƙa tsokanarta da cewa ko kaza ba ta kai ta tsince-tsince ba.

Aure da 'Ya'ya

A watan Oktoba na 1959 aka ɗaura aurenta da Kálmán Darabos, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Tibor a 1960, Etelka a 1963, sai Aranka a 1968.

Etelka bahaguwa ce. Da ta isa riƙe allura, uwar ta rasa yadda za ta koya mata, sai ta riƙa zaunar da ita a gabanta fuska da fuska, yarinyar tana kwaikwayon hannunta tamkar a madubi. Saboda haka ɗinkin Etelka daga hagu yake tafiya zuwa dama, kuma ƙullin zarenta a karkace yake zama, abin da duk mai sana'ar ke ganewa da kallo ɗaya.

Ɓatan Etelka

A watan Janairu na 1972 kogin ya daskare, mutane suna tsallakawa da ƙafa kamar yadda aka saba a irin wannan sanyi. Wata Lahadi da hantsi aka aiki Etelka ta kai wa kakarta burodi a ƙetare. Masunta biyu sun gan ta a tsakiyar kogi tana tafiya. Ba ta isa ƙetare ba, ba ta kuma dawo ba. An bi ƙanƙarar tun daga wannan gaɓa har waccan, ba a sami inda ta tsage ba ko kaɗan, kuma da ta narke cikin bazara ruwa bai fito da komai ba.

Bayan shekara biyar hukuma ta ba da damar a rubuta yarinyar cikin matattu. Vilma ta ƙi sa hannu. Mijinta ya roƙe ta, limamin coci ya yi mata nasiha, duk a banza. Abin da take faɗa guda ne, cewa a nuna mata gawa tukuna. Da Kálmán ya rasu a 1987, Tibor ya nemi a sassaƙa sunan ƙanwarsa a dutsen kabarin tare da na mahaifinsu, domin su ma su sami inda za su tsaya su yi mata addu'a. Uwar ta hana, kuma wannan magana ta shiga tsakaninta da ɗanta har suka yi shekaru ba sa doguwar hira. Duk wanda ya tambaye ta yawan 'ya'yanta, amsarta uku ne, kuma duk suna raye.

Ƙungiyar Masu Haɗa Ƙyalle

Ta yi ritaya a 1993. Shekara guda bayan haka wasu matan gari suka kafa ƙungiyar masu ɗinkin haɗe-haɗen ƙyalle don nishaɗi, ƙarƙashin jagorancin Jolán Pintér, tsohuwar mai haɗa magunguna, mace mai kaifin baki wadda ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. Al'adar ƙungiyar ita ce musaya sau ɗaya a shekara, cikin watan Nuwamba. Akan yanke launi da girma, kowace ta ɗinka falle mai kusurwa huɗu daidai da yawan 'yan ƙungiya, a zuba duka a babban kwando, shugaba ta raba, kowace ta koma gida da aikin hannun kowa, ta haɗa ta yi bargo.

A musaya ta farko, a 1995, mata tara ne, amma Vilma ta kawo falle goma. Jolán ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Yaya Vilma, lissafi ne ya gagare ki ko zare ne ya yi miki yawa?"

Vilma ta ce, "Na Etelka ne. A bar shi a kwandon."

Aka bar shi. Da aka gama rabo, kwandon ya zama fanko, fallen na goma ba ya hannun kowa. A cikin kason Vilma kuwa aka sami wani falle da babu wadda ta kawo shi. Launinsa shi ne wanda aka yanke, amma yadin ya koɗe ya yi laushi kamar wanda ya daɗe a ruwa. Ɗinkin hannu ne, na yara, manya-manyan sukar allura a karkace, kuma daga hagu ya tafi zuwa dama. Vilma ta juya bayansa ta duba ƙullin, ta ninke shi ta sa a jakarta, sannan ta nemi a miƙo mata shayi.

Shekarun Musaya

Haka abin ya ci gaba kowace shekara. Fallen da ke zuwa bai taɓa dacewa da sauran ba, domin bakin da ake bari na haɗi faɗin ɗan yatsa ne, irin na da, ba irin na sabon ma'aunin da ƙungiya ke aiki da shi ba. Don haka Vilma ta riƙa ajiye su daban. Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne hannun yana gyaruwa. Sukar allurar da ta fara da girma ta riƙa ƙanƙancewa, kusurwoyi suka fara haɗuwa daidai, har zuwa shekarar 2002 aka ga aikin budurwa mai lura. Wasu mata biyu suka bar ƙungiyar, ɗaya ta ce ba ta iya barci a ƙarƙashin bargon da aka haɗa da fallayen wannan kwando. Vilma kuwa murna take yi a fili. Hujjarta ita ce wanda ya mutu ba ya ƙara ƙwarewa.

Jolán ba ta yarda ba. Ta bi gida-gida tana cewa Vilma ce ke ɗinkawa da hannun hagu ta ɓoye a hannun riga, kuma tausayi ne ya sa ake biye mata. A 2003 ta tsaya a bakin ƙofa ta karɓi kayan kowa da kanta, ta ƙirga, ta kife kwandon ta kakkaɓe, ta hana kowa matsowa kusa. Da ta gama rabo da hannunta, fallen yana cikin kason Vilma, na uku daga sama. Duk da haka Jolán ta ce akwai dabara, ita ce dai ba ta gano ba tukuna. Vilma ta yi dariya ta ce mata ta ci gaba da bincike, in ta gano ta sanar da ita.

Aranka, auta, ita ta fi shan wahalar wannan al'amari. Ita ce ke kula da uwar, ita ke kai ta asibiti, amma hirar gidan duk ta Etelka ce. An ma zarge ta da cewa ita ke ɗinkin don ta faranta wa tsohuwa, alhali kowa ya san ko maɓalli ba ta iya sawa. Ta taɓa gaya wa mai wannan rubutu cewa ba tsoron a ce 'yar'uwarta ta mutu take ji ba, tsoronta a ce ba ta mutu ba.

Jinya

A lokacin zafi na 2011 Vilma ta sami shanyewar ɓarin jiki, hannunta na hagu ya mutu gaba ɗaya. Ta ci gaba da ɗinki a keke, Aranka na riƙe mata yadi. Mutane suka zuba ido su ga musayar wannan shekara, kuma Jolán ta faɗa a gaban kowa cewa yanzu magana za ta ƙare. Fallen ya zo, ya ma fi na bara kyau. Daga ranar Jolán ta daina tayar da zancen, ta kuma koma zama kusa da Vilma tana zura mata zare a allura.

Rasuwa da Jana'iza

A 2016 launin da aka yanke ruwan ɗorawa ne. Vilma ta halarci musayar da ƙafarta, cikin raha, ta ci kek ɗin tuffa har yanka biyu. Da aka miƙa mata kasonta, sai ga fallen da ya yi rara baƙi wuluk, irin yadin da ake zaman makoki da shi, ɗinkinsa siriri har da ƙyar ido ke ganinsa. Wata ta ce wataƙila kuskuren launi ne.

Vilma ta shafa shi da hannunta mai lafiya ta ce, "Ba ta taɓa kuskuren launi ba. Makoki take yi, kuma uwa ɗaya gare ta." Ta juya wurin Aranka ta ce, "In mun je gida ki fito min da rigata mai ruwan toka ki goge."

Ta rasu ranar Alhamis ta wannan makon da rana tsaka, a kan kujerarta, tana da shekara saba'in da takwas, ba tare da wani sabon ciwo ba. An yi jana'izarta ranar Asabar a maƙabartar gari, aka binne ta kusa da mijinta, tare da fallayen da ta tara waɗanda ba a taɓa haɗawa ba. A bakin kabari limamin coci ya ce marigayiya ta bar 'ya'ya biyu. Jolán Pintér, wadda ke tsaye da sanda a baya, ta ɗaga murya ta ce, "Uku, Fada." Limamin ya dubi Tibor. Tibor ya sunkuyar da kai ya ce a gyara.

Ƙungiyar tana nan tana ɗinki, amma ba ta sake yin musaya ba, domin an rasa wadda za ta yarda ta yi rabo.

Marigayiya ta rasu ta bar jikoki biyar da 'ya'ya uku: Tibor Darabos, injiniya mai ritaya da ke zaune a birnin Szeged, Aranka Darabos, malamar makarantar yara a Csongrád, da Etelka Darabos, mai ɗinkin hannu, wadda ba a san mazauninta ba.