Uwar Ɗakin Tsintsiya

Kafin injin farko ya tashi a masana'antar sabulu, ita ta riga ta share baranda, ta wanke banɗakin mata, ta shanya tsummokaranta a kan waya. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka. A takarda "mai shara" aka rubuta, a bakin mata kuwa Inna ce, har ga waɗanda suka girme ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Gara a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

A da, mace in ta haihu a masana'antar nan, ta tafi ke nan. Ba korar ta ake yi ba, amma wa zai riƙe mata jariri daga safe har la'asar? Ran nan Inna tana shara a sashen naɗe sabulu, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, sai kwali ya yi atishawa. Ta leƙa, jaririya ce kwance a kan zani. Uwar, wadda mijinta ke jinyar karaya a gida, ta damƙi hannun Inna.

"Inna, ki rufa mini asiri. In na rasa aikin nan, ba mu da abin sawa a baki."

Inna ta kwashe bokitai daga ɗakin da take ajiye tsintsiya, ta wanke shi tas, ta shimfiɗa tabarma. In jaririya ta yi barci ta kwantar, in ta farka ta goya ta ci gaba da aiki. Kafin wata ya ƙare jarirai sun zama uku. Sai ga manaja yana wucewa, ya ji kuka.

"Inna, tsintsiyarki ce ke kuka?"

"Ranka ya daɗe, haƙori take fitarwa."

Bai yi dariya ba. Ya ce wannan ya isa a sallame ta. Ga shi ita ma marayu huɗu take ciyarwa. Amma ta daure.

"Ranka ya daɗe, bara mata tara kuka koya wa aiki, haihuwa ta kwashe su. Ni na share inda suke tsayawa. Ka ba ni wata uku. In aiki ya ja baya, ga tsintsiyarka."

Wata ɗaya ya ba ta, yana ɓata rai. Da watan ya cika, da kansa ya kira magini a fasa wa ɗakin taga. Yau ɗakuna biyu ne, da masu raino biyu da ake biya albashi. Uwar jaririyar kwali ita ke shugabantar sashenta, wasu matan kuma sun hau injinan da a da ba a barin mace ta taɓa.

Inna, ke ce bayan da ya goya 'ya'yan wasu don iyayensu su miƙe. Ba ki san boko ba, amma kin gano abin da ya shige wa masu ofis duhu. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ba ki lafiyar gwiwa.

Ku kuma masu ma'aikatu, ku zaga gobe da safe. Ba za ku rasa ɗakin da tarkace kaɗai ke kwana a ciki ba. Ku nemo makullinsa.