Mazarin Inna a Gidan Kallo

Shekarun baya, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ina ƙaramin malamin firamare a Malumfashi, na yi wa mahaifiyata wata ƙarya da na ɗauka gata ce. Ɗazu na tuna da ita ina ta dariya ni kaɗai, har matata ta leƙo ta ga ko lafiya. Shi ne na ce bari in ba ku labarin.

Mahaifina ya rasu bayan kaka. Da Inna ta fita takaba sai na je Gozaki na ɗauko ta, na ce zamanta a ƙauye ya ƙare, ta zo ta huta a gidan ɗanta. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa na zama "Malam", kuma daga yadda ta ja kalmar nake gane ko ina da laifi.

Inna makaɗiya ce. Tun da na yi wayo na san ta zaune a kan tabarma, ƙafa a miƙe, taskira a gefe, tana murza mazari a cinya, auduga tana zama zare a hannunta. Ni kuwa a lokacin na gama kwalejin malamai, ina da keke da agogon hannu, kaina ya kumbura. Na ce a raina, yaya za a ce uwar malami guda tana kaɗi kamar ba ta da mai kula da ita, ga yadin kamfani ya cika kasuwa? Ranar da muka kwaso kayanta sai na ɓoye taskirar a cikin jakata. Da muka iso ta neme ta, na ce ai ina jin ta faɗo daga kan mota wajen Kafur.

Ta dube ni ta ce, "To. Allah ya sa ta yi wa wanda ya tsinta amfani."

Ban jefar da ita ba, domin ina da inda zan kai. A bayan kasuwa akwai wani tsohon siton auduga da aka share aka yi wa farar ƙasa, aka mai da shi wurin baje kayan hannu. Akwai ƙorai masu zane, tukwane, gwadduna, fatu da aka ɗinka, da zane-zanen ɗaliban sakandare a jikin bango. Yana da dogon suna a rubuce a ƙofa, amma mutanen gari gidan kallo suke ce masa. Mai kula da shi wani dattijon Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi ya ƙirƙiro ranar iyali. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, bayan azahar, sai a zagaya da mutane a nuna musu kaya, sannan a toshe tagogi da buhuna a tayar da inji a haska majigi a jikin farin ƙyalle. Da rana ake yi don mata da yara su samu zuwa. Ni ne mai zagayawa da mutane, ni ne kuma mai riƙe lasifika ina bayanin abin da ke faruwa a majigin. Ba abin da nake so a duniya kamar jin muryata a lasifikar nan.

Nan na kai kayan Inna. Maigidan, wato dattijon nan, ya ji daɗi ƙwarai, bai tambaye ni daga ina ba, ni ma ban faɗa ba. Muka ɗora su a kan teburi, muka kewaye da igiya kada a taɓa, na zauna na tsantsara rubutu a kwali: kayan kaɗi na mutanen dauri.

A gida kuwa na kafa doka. In Inna ta ɗauki tsintsiya in karɓe. In ta nufi turmi in ce wa matata me take kallo. Na sayo mata rediyo, na sa aka yi mata kujera mai jingina. Tana zaune tun safe har yamma, hannuwanta a kan cinya. Wani lokaci in na dawo daga makaranta sai in ga yatsunta biyu suna murza bakin zanenta, ita ba ta ma sani ba. Abinci ya ragu a kwanonta, magana ta ragu a bakinta. Ni a wautata na ɗauka kewar mahaifina ce kaɗai, sai na ƙara yawan nama a miya.

Wata biyar ana haka. Ran wata Alhamis ta kira ni ta ce, "Malam, motar Gozaki ta ranar Lahadi, ka sa a kama mini wurin zama. Gida zan koma."

Na ce, "Inna, wani abu aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Matarka 'yar albarka ce. Na dai huta haka nan."

Na yi roƙo, na kawo maganar damina da ɗakinta da ke yoyo, na ce wa zai ɗebo mata ruwa. Ta ce Allah yana can ma. Na san Inna, in ta faɗi magana a hankali haka ta gama. Abin ya dame ni matuƙa, domin na san in ta koma ba za ta sake zama da ni ba, kuma duk Gozaki za a ce ɗanta ɗan boko ya kasa riƙe ta.

Asabar ɗin ta faɗo ranar iyali. Inna ba ta taɓa zuwa ba, kullum cewa take kallon inuwar mutane a bango aikin marasa aiki ne. Don haka ko a mafarki ban sa ta a lissafin masu zuwa ba. Ashe bayan fitata matata ta lallaɓe ta, ta ce tunda gobe za ta tafi, ta zo ko sau ɗaya ta ga inda ɗanta ke burge mutane. Matata ta san inda taskirar take. Har yau tana rantsuwa ba da gangan ta yi ba, ni kuma har yau ban yarda ba.

Ranar an cika. Manoma daga Dayi, matan ma'aikata, 'yan tireda 'yan kudu da 'ya'yansu, har da wasu Maguzawa da suka zo cin kasuwa suka biyo ayari. Ni ina gaba da 'yar sandata ta nuni, na sha guga, mata suna can baya cikin mayafai. Muka wuce tukwane, muka wuce gwadduna, muka iso teburin. Na gyara murya.

"Jama'a, ku dubi wannan da kyau. Da irin waɗannan kakannin kakanninmu suke yin zare, kafin ilimi ya zo. Wannan sandar ita ake kira mazari. Mutanen dauri sun sha wahala, Allah ya jiƙansu."

Aka amsa da amin. Sai wata murya daga baya ta ce, "Malaaam."

Na waiga. Mata suka dare, ga Inna tana tahowa a hankali. Ta tsaya a bakin igiya ta daɗe tana kallon teburin.

"Su mutanen daurin nan," in ji ta, "duk sun mutu ne?"

Na ce, "Inna..."

"A'a, tambaya nake, kai ne mai ilimi. Don na ga dunƙulen da ke gindin mazarin nan ya taɓa tsagewa an like shi da ƙaro. Ni na san wadda ta like shi, kuma da safen nan na ga ta sha koko."

Wata mata ta fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama ɗakin gaba ɗaya. Wani tsohon manomi har da dafa bango. Inna ko murmushi ba ta yi ba. Ta tattare zanenta ta tsallake igiyar da babu wanda ya taɓa tsallakewa, ta ɗauki taskirarta, ta hure ƙurar, ta saƙale a hammata.

"Ashe Kafur ta matso kusa haka," ta ce, ta wuce wajen zaman mata.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Maigidan ya matso kusa da ni yana share hawayen dariya, ya ce, "Malam, kai ka jiƙa, kai za ka sha. Ɗauki lasifikarka, lokaci ya yi."

Aka toshe tagogi, inji ya tashi. Kamar haɗin baki, majigin ranar na auduga ne, tun daga shuka har zuwa tufa. Na riƙa bayani, ina cewa ga manomi yana huɗa, ga shi yana feshi, kamar ba su da idanu. Can sai aka nuno wata kyakkyawar budurwa da ɗankwali sabo, an zaunar da ita gindin bishiya wai tana kaɗi. Na buɗe baki ke nan zan yi bayani, Inna ta riga ni, ba ta ko buƙaci lasifika ba.

"Kai! Wa ya ba wannan mazari? Dubi yadda ta shaƙe audugar. Ke yarinya, sassauta hannu! Ko alli ba ta shafa ba. Wannan in ta shekara a nan ba ta tara zaren ɗinke wando ba."

Wata tsohuwa daga wani ɓangaren ta karɓa, "Ai ƙafar ma a naɗe take, Iya. 'Yar birni ce!"

Daga nan majigi ya koma na mata. Kowa na gyara wa budurwar, ita kuma tana ta murmushinta a jikin ƙyalle. Ni na sauke lasifika. Sai na ji inji ya yi shiru, hoton ya ɗauke. Na ɗauka lalacewa ya yi, ashe maigidan ne ya kashe da hannunsa. Ya sa aka cire buhunan tagogi, haske ya shigo, ya ɗauko kwandon audugar da muke nuni da ita ya kawo gaban Inna, ya rusuna.

"Iya, tunda ta cikin bango ta kasa, a taimaka mana a nuna wa yaran nan na gaske."

Inna ta ce ita ba 'yar wasa ba ce. Amma na ga hannunta ya riga ya shiga taskirar. Aka shimfiɗa mata tabarma a gaban farin ƙyallen. Ta miƙe ƙafa, ta tsefe audugar, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin a cinya ta sake shi. Ya kama juyi yana 'yar ƙararsa, zare ya fara fitowa siriri, sumul, ba ƙulli ko ɗaya. Ɗakin nan mai hayaniya ya yi tsit. Wata ta rangaɗa guɗa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a gidan kallo ba. Tsofaffi uku suka taso suka zauna kusa da ita suna karɓa-karɓa, suna gardamar wace ce zarenta ya fi kyau. Yara suka kewaye su kowa na son ya gwada. Wata Inyamura mai sayar da atamfa ta durƙusa ta karɓi mazarin, ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin benci, aka bi shi da ihu. Inna tana buge hannun wannan, tana gyara yatsun wancan, tana faɗa tana dariya. Rabon da in ga haƙoranta tun mahaifina yana da rai. Sai da aka kira la'asar aka watse, babu wanda ya tuna ba a ƙarasa majigin ba.

Da yamma na same ta a tsakar gida tana ci gaba da kaɗinta. Na tsuguna na ce ta yafe mini, hutu na so mata.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sani tun ranar. Wanda na haifa ne zai yi mini ƙarya ban gane ba? Na yi shiru ne in ga iyakar wayon naka. Malam, hutun da kake nufi yana nan zuwa, kowa zai yi shi, ba mai tashinsa. Kada ka gaggauta mini."

Idona ya cika. Na ɗauka shi ke nan an shirya. Sai ta ce, "Motar gobe, ƙarfe nawa ka ce?"

Haka na raka ta tasha da safe, zuciyata ba daɗi. Ba ta ce mini za ta dawo ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Kwana uku ina shiga aji ina fita kamar marar lafiya.

Ran Laraba ina dawowa daga makaranta na hango amalanke a ƙofar gidana ana sauke kaya. Buhun auduga biyu, itacen saƙa ɗaure da igiya, tsohon turminta, da kaji huɗu a akurki. Inna tana tsaye tana nuna inda za a ajiye kowanne.

"Malam, kawar da kujerar nan taka mai jingina, nan zan kafa saƙa. Kuma ka gaya wa maigidanku watan gobe saƙar gwado za a nuna. Ya nemo majigin da bai daɗe ba, kada ya cinye mana lokaci."

Na jingine keke na shiga ɗaukar buhu ina dariya kamar wawa, rigar gugar duk ta yi auduga.

Tun daga nan kusan kowace ranar iyali akwai tabarmar tsofaffi a gaban ƙyallen, ni kuma aikina ya koma riƙe musu lasifika a saitin baki. Na rage girma, amma ban taɓa jin daɗin aikin kamar lokacin ba. Abin da na gane, kuma na gane shi a makare, shi ne ni kaina nake wa gata ba ita ba. So nake a ce ɗan wance ya ji ƙan uwarsa, ban tsaya na tambaye ta me take so ba ko sau ɗaya. In kana da tsoho a gida, ka ciyar da shi, ka tufatar da shi, amma don Allah ka bar masa aikin hannunsa.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara yi a gidana kafin Allah ya karɓi abinsa. Kullum cikin faɗa take, wai na cika surutu, wai kajinta sun fi ni tashi da wuri. Amma ko sau ɗaya ba ta sake tambayata motar Gozaki ba.