Ungozomar Araya

Shekara talatin da ɗaya Zuleide ta yi tana feɗe araya a bakin teku a jihar Maranhão, kan teburin Seu Anacleto mai kwale-kwalen kamun kifi. Araya kifi ne mai faɗi kamar faifai, da ƙaya mai dafi a wutsiya. Takan yanka, ta sa gishiri, ta shanya. Da wannan wuƙar ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

Matan araya kan shigo ruwa marar zurfi su haihu, a daidai lokacin kuma ake kafa musu raga. In aka jefo mai ciki kan yashi, sai ta zubar da 'ya'yan, biyu ko uku, kowanne kamar tafin hannu, suna motsi. Zuleide takan kwashe su a kwano ta mayar da su ruwa.

"Ungozoma, an samu ƙaruwa?" masunta kan tsokane ta. "Yaushe za a kai su coci?"

"Ku yi ta dariya," takan ce. "Da, kifi ɗaya sai ƙarti biyu sun ɗauka. Ku dubi abin da kuke kawowa yanzu."

Anacleto ba ya dariya. "Dona Zuleide, wuƙa na ba ki, ba kwano ba."

Wata Talata da hantsi, tana kwashe 'ya'yan araya, sai ɗaya daga cikinsu ya kaɗa wutsiya, ƙayar ta shige gindin babban yatsanta na dama. Ta tsoma hannun a ruwan zafi kamar yadda kowa ke yi, ta ɗaure da tsumma, ta koma aiki. Ba ta faɗa wa kowa ba, don mata da yawa na harin teburin nan. Cikin kwana tara, kumburi ya kai gwiwar hannu. A asibiti aka ciro guntun ƙayar, amma yatsan ya sandare.

Ranar da ta dawo, Anacleto ya ajiye wuƙar a gabanta, jama'a na kallo.

"Ɗauki mu gani."

Ta ɗauka, ta kai wa kifi, wuƙar ta suɓuce. Ta sake, ta sake suɓucewa.

Ya nuna mata teku da leɓe. "Je ki wurin 'ya'yanki, su ciyar da ke."

Kafin la'asar ƙanwar matarsa ta kama teburin. Zuleide yanzu tana feraye rogo a gidajen mutane, da hannun hagu. Shekarunta hamsin da takwas.