Za Mu Kai Can

Matar yayana Lai'atu ba ta da faɗa, amma tana da taurin kai irin mai gajiyar da mutum. Ni ƙanin mijinta ne, saboda haka ina da izinin faɗin haka. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu daga wajen Kafur nake tsokanarta tana ramawa, har furfura ta kama mu duka biyu.

A Magama muke zaune, bakin iyakar Jibiya da Nijar. Ni facin taya nake yi, ita kuma tana sayar wa direbobi da 'yan kamasho shinkafa da wake a rumfar da ke kallon tawa. Da can, lokacin da manyan motoci ke yin layi zuwa Maraɗi, kafin azahar ta kankare tukunya. Tun da aka shiga rufe iyaka ana buɗewa kamar ƙofar shago, abincin kan kai magariba yana jiran mai ci. Gwiwoyinta sun kumbura da tsayuwa. Ɗanta Bitrus da ke aiki a Zariya ya yi magiya har ya gaji kan ta tattara ta koma wurinsa. Amsarta ɗaya ce: sai ta kai yaranta ƙarshen Littafi.

Yaran nata na coci ne. Cocinmu ɗan ƙarami ne a bayan gidajen ma'aikata, don Kirista ba mu da yawa a nan, yawancinmu ma aiki ne ya kawo mu. Ran Lahadi, da an gama waƙoƙi fasto zai hau wa'azi, sai Lai'atu ta kwashe 'yan shekara goma zuwa sha biyu, waɗanda suka wuce tafa hannu da ƙanana amma ba su isa zama shiru da manya ba, ta kai su gindin darbejiya ta zaunar a benci. Ni ke tsaron ƙofa saboda halin da gari ke ciki, don haka duk abin da ake yi a kunnena ake yin sa.

Daga farko take farawa, daga halittar sama da ƙasa, ta bi labari ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. Haka aka koya mata a ƙauye, haka kuma za ta koyar. In ka yi mata magana sai ta ce, "In ba su san yadda abin ya ɓaci ba, ƙaƙa za su gane gyaran?"

To, matsalar ita ce yaran ba sa zama. Iyayensu ma'aikatan iyaka ne, kuma ba a barin ma'aikacin iyaka ya ɗumama wuri. Da ƙyar za ta fito da aji daga jirgin Nuhu, sai ka ji an mayar da uban wannan Illela, an tura na waccan Maigatari. Sababbi su zo, ta dube su, ta yi ajiyar zuciya, ta koma kan Adamu. Na taɓa ce mata, "Uwargida, ki ji tausayin bawan Allahn nan, ya gaji da cin 'ya'yan itacen nan." Ta ce in je in ji da tayoyina.

Su ma yaran ba sa raga mata. 'Ya'yan bakin shingen iyaka ne, da idon shinge suke kallon komai. Da ta ce Ibrahim ya bar ƙasarsu, wani ya ɗaga hannu ya tambayi wanda ya buga masa hatimi a fasfo. Da 'yan'uwan Yusufu suka ɗauko buhunan hatsi daga Masar, wata ta rantse ta ɓarauniyar hanya suka bi, in ba haka ba da an sauke kayan. Irin waɗannan tana amsawa har da dariya. Amma in tambaya ta taɓa abin da ke gaba, mutuwa ko tashin matattu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Za mu kai can."

Ba haka take ba tun asali. Lokacin da yayana Istifanus yake nan, in Ista ta zo takan ajiye tsarinta ta ba yara labarin kabarin Yesu da aka tarar ba kowa, har da kwaikwayon gudun matan. Istifanus kafinta ne. Wata rana ya je kafa ƙofofi a wani ƙauye ta wajen yamma, a hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu suka shige da su daji. An yi ta sako waɗanda aka kama tare da shi, ɗaya bayan ɗaya. Shi shiru. Wani ya ce ya bar shi da zazzaɓi, wani ya ce an raba su tun a daren farko. Shekaru ke nan, ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce mana mu yi makoki ko mu ci gaba da jira. Lai'atu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai yi sanyi, kuma na lura tun daga nan komawa kan Adamu ta daina damunta.

A cikin haka aka kawo Mariyamu. Shekararta goma sha ɗaya, doguwa, marar magana. Ubanta ma'aikaci ne da aka turo daga Kamba, inda ya binne matarsa kafin su taso. A ƙarshen benci take zama tana tauna bakin ɗankwalinta. Ta yi makonni ba a ji muryarta ba, sai wata Lahadi da damina, an kwana ana ruwa, ana tsakiyar labarin Ishaku ta ɗaga hannu.

"Mama, wanda aka binne, in an yi ruwa yana jin sanyi?"

Lai'atu ta gyara zama, ta ce, "Za mu kai can, ɗiyata."

Bayan wani lokaci ta sake gwadawa. Ta ce in ta girma ta canza kama, ran da za su haɗu mamarta za ta gane ta? Lai'atu ta ce za a kai can, yanzu ana wurin Yakubu ne. Daga nan yarinyar ba ta ƙara tambaya ba. Amma ba ta taɓa fashi ba, ko ran da sauran suka ƙi zuwa. Tana zaune tana jiran a kai can ɗin, ni kuwa daga bakin ƙofa abin yana ci mini rai.

An kai Musa gaban Fir'auna ke nan uban Mariyamu ya tashi a coci ya ce a sa su a addu'a, an mayar da shi kudu, can bakin iyakar Kamaru, ran Alhamis za su tashi. Lai'atu ta ji, ta fita da yaranta, ta ci gaba da annobar kwaɗi kamar ba a ce komai ba.

Washegari na tsallaka rumfarta. Ba kowa sai ƙudaje. Na ce, "Uwargida, yau ba wasa ya kawo ni ba. Yarinyar nan ba labarin Fir'auna ta tambaye ki ba."

Ta ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Na ce, "Gata za ta tahi. Inda za ta, wa ya san ko akwai mai zama da ita?"

Sai ta ajiye farantin. "Mi kake so in ce mata, Yahya? Ita ta san inda uwatta take kwance. Ni hwa? In buɗe baki in ce kabari za ya buɗe, ni wane kabari za ni duba? Na yarda da maganar, Allah ya sani na yarda. Bakina ne ba ya ɗaukatta."

Tausayinta ya kama ni, da haushinta, da kewar ɗan'uwana da na daɗe ina dannewa. Na koma rumfata na yi ta bugun tayar da ba abin da ya same ta.

Ran Alhamis da hantsi ina cikin aiki na ga ta fito. Ta bar wa maƙwabciyarta Sakinatu mai fura tukunya a wuta, ta nufi tasha tana jan ƙafa. Na ajiye guduma na bi ta. Motar Katsina ta riga ta cika, an ɗaure kaya a but. Mariyamu na kujerar baya ta jikin taga, da jaka a cinya, ubanta na gaba.

Lai'atu ta dafa tagar ta ce, "Ɗiyata, saurara. Akwai wani abokin Yesu, sunanshi Li'azaru."

Amma Lai'atu ai Lai'atu ce. Ko a nan sai da ta faro daga farko. Ta faɗi sunan garinsu. Ta tsaya bayanin 'yan'uwansa mata biyu, da wadda ta fi son aikin gida da wadda ta fi son zama ta saurara. Ta faɗi yadda ciwo ya kama shi, aka aika wa Yesu, bai zo da wuri ba. Direba ya shiga ya tayar da mota. Ni ina tsaye ina cizon yatsa, kamar in karɓe labarin daga bakinta.

"Ko da ya iso an riga an binne shi. Sai 'yar'uwar ta tare shi a hanya, ta ce mishi da kana nan da bai mutu ba."

A nan muryarta ta karye. Ɗan kamasho yana buga bayan mota. Ta daure ta ci gaba. Ta ce Yesu ya tambayi inda aka sa shi, aka kai shi, da ya ga wurin sai ya yi kuka.

Mariyamu ta saki bakin ɗankwalin. "Shi ma?"

"Shi ma, ɗiyata. Sannan ya ce a kawar da dutsen da anka ruhe kabarin da shi. 'Yar'uwar ta ce a'a, ai yanzu ya yi wari..."

Mota ta ja. Hannun Lai'atu ya zame daga tagar. Yarinyar ta leƙo da kai tana cewa, "Mama, sai me? Sai me ya faru?"

Ban taɓa ganin matar yayana ta yi gudu ba sai ran nan. Da gwiwoyin nan nata, zani a hannu, takalmi ɗaya ya fita, ta bi motar a tsakiyar titi tana ihu iyakar ƙarfinta.

"Ya fito! Mariyamu, ya kira sunanshi, ya fito! Ya fito!"

Wata babbar mota ta danna oda daidai lokacin, motar Katsina ta sha kwana. Ko yarinyar ta ji, ko ba ta ji ba, ban sani ba.

A garin nan kuwa, in mace ta fito titi da gudu tana cewa ya fito, abu ɗaya kowa ke ji. Abdu mai shayi ya watsar da kofin hannunsa ya rugo. 'Yan acaba suka juyo da babura. Sakinatu ta baro fura da tukunya ta taho tana rangaɗa guɗa. Kafin in isa sun kewaye ta, kowa fuskarsa cike da murna.

Abdu yana haki ya ce, "Allahu akbar! Maman Bitrus, barka! Istifanus ne? Yaushe anka sako shi? Ina shike?"

Lai'atu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zauna a bakin kwalta, ta ɗora hannu a ka, ta fashe da kukan da ta yi shekara da shekaru tana riƙewa. Ni ne na tsaya a kanta ina ba mutane haƙuri, ina cewa ba shi ba ne, wani ne daban, can da daɗewa.