Ƙofofin Kabad Goma Sha Ɗaya

Yayata tela ce, ni kuwa ƙanwarta ko zare ban iya sakawa a allura ba. Shekara arba'in ta yi tana ɗinka wa 'yan makaranta yunifom a kusurwar falonta, har ido ya ce mata ya isa haka. Yanzu keken yana nan a lulluɓe da zane, ba ta buɗe shi sai in jika ya yaga wando. Mace ce marar hayaniya. Ni ce mai bakin gidanmu, ni ake turawa in za a yi faɗa da mai gyaran famfo, ita kuwa ko tsawa ba ta iya yi wa kaza ba.

Mijinta akawu ne a wani ofis, kuma Akawu kowa yake ce masa har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: ya yarda a ransa cewa shi kafinta ne. Ba wanda ya koya masa. Shekarar da suka tare a gidan ya ɗauki hutu, ya sayo katako da zarto da hama, ya ce da hannunsa zai yi wa matarsa kabad ɗin kicin. Ya kuwa yi, daga bango zuwa bango, sama da ƙasa, ƙofofi goma sha ɗaya, ya shafe su da koren fenti mai haske. Na sha tsokanarsa a kai. In na zo sai in ce, "Akawu, wannan kabad ɗin da ido ka auna shi ko da zuciya?"

Sai ya ce, "Ke dai buɗe ki ɗauki kofi, ai bai faɗo miki a ka ba."

Gaskiyarsa, bai taɓa faɗowa ba. A kicin ɗin nan Yaya ta raini 'ya'ya uku, a nan take shan shayinta a tsaye kafin ta hau keke, a nan kuma take zama yanzu da gidan ya rage ita kaɗai. Amma hayaƙi da maiƙo sun ci koren har ya koma kalar da ba ta da suna. Mariƙan ƙofofin sun yi baƙi ƙirin. Ledar ƙasa ta yage daidai gaban wurin wanke-wanke, bakinta ya ɗago. A nan ƙafar Yaya ta harɗe wata safiya, ta faɗi da tukunya a hannu. Allah ya taƙaita, ruwan sanyi ne a ciki, ƙugu kawai ta buge.

Washegari sai ga babban ɗanta, wanda muke kira Injiniya. Ina nan zaune ya shiga kicin ɗin, ya taka ledar da takalmi, ya fito fuska a ɗaure.

"Mama, zan turo ma'aikata su fasa kicin ɗin nan gaba ɗaya, a zuba na zamani."

"Ba za a fasa ba," in ji Yaya.

"To ki haɗa kaya ki dawo wurina, a sa haya a gidan. Ba zan zauna a ofis ina jiran a bugo mini waya an tsince ki a ƙasa ba."

Ni har na buɗe baki zan sauke masa kwandon magana, sai na ga idonsa. Tsoro ne fal a ciki, ba rashin kunya ba. Yaya ta ce ya ba ta wata guda ta gyara shi da kanta. In ya dawo ya ga kicin ɗin bai zaunu ba, za ta bi shi ba gardama. Ya ce ya yarda, ya faɗi ranar da zai zo.

Bayan ya tafi na ce mata, "Yaya, gidan Injiniya fa ba kurkuku ba ne." Na san ƙarya nake yi rabi da rabi. Bene ne hawa na uku, matarsa kuma yarinyar kirki ce, irin kirkin da ba ya barin tsoho ya ɗaga ko cokali. Yaya ta ce, "In na koma can, baƙuwa zan zama har in mutu." Daga nan na ɗaura zani na ce ta nuna mini ta inda za mu fara.

Ba sabon kicin take so ba. So take ya koma yadda yake shekarar farko, kuma da ɗan abin da ke hannunta, don ta ce ba za ta karɓi ko sisi daga wanda take gardama da shi ba. Ta sa na leƙa can ƙuryar kabad na sama, inda hayaƙi bai kai ba, na ɓanɓaro ɗan ɓawon fenti na asali. Ta ƙulle shi a hankici muka kai wa mai fenti ya haɗa mana irinsa. Mutumin ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Iya, wannan kalar ai tun muna yara aka daina yayinta."

"Ni ban daina ba," in ji ta.

Yana cikin motsa gwangwanin ya amsa cewa yaran yanzu ma sun fara zuwa nemanta, wai ta tsofaffi ta dawo. Na ce ai tsofaffin ba su je ko'ina ba, ga mu a gabansa, sai ya yi mana ragi.

Leda kuwa ragowar wani babban aiki muka samu a shago, mai gida-gida baƙi da fari, irin ta da sak. Mai shagon ya zo da kansa ya manne ta da gam, Yaya na biye da shi tana taka kowane lungu. Mariƙan ƙofofi muka jiƙa su, muka dirje da toka da lemon tsami, sai ga tagulla tana ƙyalli, ashe ba baƙin ƙarfe ba ne. Ta buɗe kekenta ta yi labulen taga da ragowar yadin yunifom mai layi-layi, ni ina zame mata ido wurin zare, ita tana yi mini dariya. Daga ƙarƙashin gado muka jawo farantan ƙarfe masu fure da butar shayi mai dogon baki, ga kuma rediyon Akawu da har yanzu yake magana in an buge shi a gefe. Kwanakin nan, wallahi, na ji daɗinsu. Rabon da mu wuni tare muna aiki muna gulmar dangi tun muna 'yan mata.

Sai muka zo kan ƙofofin kabad, kuma a nan ne na yi ɓarna. Ba zan ɓoye ba, shawarata ce. Na ga wani a waya yana cewa in ana son fenti ya kwanta sumul, sai a kwance ƙofofin a shimfiɗe su a ƙasa. Muka kwance duka goma sha ɗayan, muka jera a tsakar gida, na ɗauki samfefa na hau gurza. A saman kowace ƙofa akwai wani ɗan zane-zanen fensir, haka ma a cikin kowane gurbi. Yaya ta sunkuya ta ce, "Mene ne wannan kamar rubutu?" Na ce dattin shekara arba'in ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge tas. Don ƙwarewa ma har na cike tsofaffin ramukan sukuru da garin katako da gam. Muka shafa fenti sau biyu, ya bushe, ya yi kyau kamar a lasa.

Saura kwana uku Injiniya ya zo muka tashi mayar da su. Ta farko ta ƙi shiga gurbinta. Muka kai ta na gaba, ta shige har da rata. Muka juya ta, ta karkace. Ashe a cikin ƙofofin nan babu biyu da suka zo daidai da juna, babu kuma wadda kusurwarta ta miƙe. Kowacce Akawu ya sassaƙe ta ne daidai da nata karkataccen gurbin, har da ta inda za ta kalla.

Yaya ta zauna a kan kujera ta ce, "Lambobi ne kika goge. Akawu ne fa. Ko cokali ya saya sai ya sa masa lamba."

Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Kwana biyu muna ɗaga katako muna saukewa, tsofaffi biyu, ɗaya ba ido ɗaya ba haƙuri. Da ƙyar muka rataya uku, su ma suna kallon juna a karkace. Na kirawo kafintan bakin titi, ya auna nan ya auna can, ya fara cewa, "Wanda ya yi wannan aikin dai..." sai ya haɗa ido da Yaya ya haɗiye sauran. Ya ce shi ba shi da lokacin wasan gwaji, ko dai ya yanke su su daidaita, ko ya yi sababbi. Yaya ta ce ba za a sa wa ko ɗaya zarto ba. Ya tattara kayansa ya tafi, ni kuma na raka shi da abin da ya sauwaƙa a bakina.

Ranar da aka sa, da hantsi, Injiniya ya iso cikin kayan ofis. Ya tsaya a bakin kicin bai shiga ba. Ya dubi koren, ya dubi ledar, ya dubi labule da farantan da aka jera, rediyon yana ta surutunsa a kan taga. Sannan ya dubi kabad ɗin da ke hangame, tukwane da gwangwanaye duk a waje. Na fara bayani da ƙarfi, cewa laifina ne, a ƙara mana mako guda, sai Yaya ta ɗaga mini hannu.

"Wata guda na ce, ya cika, ban gama ba," ta ce masa. "In ka ce in haɗa kaya, zan haɗa."

Ya fita tsakar gida inda ƙofofin suke jingine da bango, ya tsuguna, ya bi gefen ɗaya da yatsa. Can ya tsaya a wani ɗan lotsawa da samfefata ba ta iya shafewa ba.

"Wannan ta sukari ce," ya ce. "Nan nake sa farce in buɗe ta, don in aka ja mariƙin ƙara take yi."

"Ashe kai ne," in ji Yaya. "Shekara nawa ina zargin ƙannenka."

Ya ɗaga ƙofar da ke kusa da waccan ya ce ta ƙarƙashin famfo ce, ga gindinta nan ya kumbura. Wata kuma ya jijjiga ta ya ce wannan mai nauyin ragowar katakon gado ce, gefen murhu take, ita ce ta taɓa fasa masa goshi. Ya cire agogo ya miƙa mini, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Inna, ina sukuddireban?" Ukun da muka rataya ma ya sauke su, wai ko ɗaya ba a gidanta take ba. Na ce ai na sani, gwada shi nake yi.

Haka ya wuni a ƙasa, wandon ofis ya yi furu-furu da ƙura, uwarsa na zaune kusa tana miƙa masa sukuru ɗaya-ɗaya. In ya ɗaura ƙofa sai ya buɗe ya rufe sau biyu, ya saurara, ya wuce ta gaba. Ni na dafa shayi a tsohuwar butar, na yi ta kai da kawo don kada a ga idona ya cika. Rana ta yi sanyi goma sun hau, sun zauna daram. Ta goma sha ɗaya, ta sama kusa da taga, ta shiga gurbinta amma ta ƙi rufuwa, bakinta ya turo kamar faɗin yatsa.

Na ce, "To, wannan kuma ni na lalata ta?"

"A'a, Inna. Haka take tun ina yaro. Kullum Baba cewa yake zai rage mata baki."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya je gaban wurin wanke-wanke ya murza ledar da dunduniya, ya sake murzawa, ba ta motsa ba. Yaya ta ce, "Ba ka ba ni amsa ba. In haɗa kayan?"

Ya ɗaga kai yana kallon ƙofar da ta ƙi rufuwa. "Ai aiki bai ƙare ba, Mama. Ba a tashi a bar aiki rabi. Zan dawo Asabar da kayan aiki in gyara ta, sai mu yi maganar."

Wata bakwai ke nan. Yaya tana gidanta, tana girkinta, ta ma ƙara shuka albasa a tsohon bokiti bayan taga. Duk Asabar Injiniya yana zuwa da akwatin kayan aikinsa, wani lokaci da yaransa. Sai ya ajiye akwatin a ƙasa, ya buɗe ƙofar ya rufe, ya ce katakon bai gama shan iska ba tukuna, ya ja kujera a zuba masa shayi. Maganar haɗa kaya ba ta sake tasowa ba, kuma raina fari ƙal da hakan.

Sau ɗaya bakina ya suɓuce. Na ce aikin nan fa bai wuce na minti biyar ba, in ya gagara ne in kirawo kafinta. Uwa da ɗa suka juyo lokaci guda suka zuba mini ido. Na miƙa kofina na ce a ƙara mini shayi.