Rediyon da Na Yi wa Kaciya

Rediyon oba-oba ne irin na masu lasisi, na hannu na saye shi a Al Rayyan, kusa da Doha. Ni ba ni da lasisi, sai ƙarfin hali. Na buɗe cikinsa na cire wani ɗan abu da bai kai ƙwayar riɗi ba, don ya riƙa shiga layin da masu yawon sahara ke hira. Kaciya dai na yi masa. Amma ban taɓa danna shi ba, don an ce in aka kama ka, Doha sai dai ka hango ta ta tagar jirgi.

Wata Juma'a abokina, mutumin Jos, direba, ya ɗauko jif ɗin kafil ɗinsa, wato maigidansa, da sunan zai kai wanki, muka wuce bakin teku can bayan tuddan yashi. Ya rantse ya iya tuƙin yashi. Ya iya kuwa, har motar ta zauna a kan cikinta. Waya ba sabis. Ga ruwan teku ya fara tasowa yana lasar tayar baya.

Ya ce, "Mutumina, in ruwan gishiri ya shiga motar nan, na gama aiki a ƙasar nan."

"Ga rediyo," na ce.

"In 'yan sanda suka amsa fa?"

"Ai da igiya za su zo. Ko ta mota, ko tamu."

Bai yi dariya ba. Ya kalli ruwan, ya ce, "Danna."

Larabcina na cinikin tumatir ne a kasuwar Abu Hamour. Na kwarara ihu: "Sayyara! Bahar! Yalla, yalla!" Wai ina nufin mota, teku, a yi sauri. Sai shuuu kawai nake ji. Ruwa ya shanye rabin taya. Na fara tunanin ko kaciyar ce ta kashe shi.

Can sai muryar wani dattijo ta fito, ya ce mu danne hon kar mu saki. Abokina ya kwanta a kan hon ɗin nan har na daina jin kunnena.

Dattijon ya gangaro daga tudu a motarsa, ya sace mana iskar tayoyi, ya ɗaura igiya, ya fizgo mu ruwa na tsiyaya. Sannan ya miƙo hannu. Na ba shi rediyon. Ya jujjuya, ya ga inda na ɓalle murfi, ya tambayi takarda. Na nuna masa teku.

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan, ya jefa rediyon a motarsa ya tafi.

Muka kai jif ɗin wanki na gaskiya. Abokina na nan yana tuƙa ta, amma ko tulin yashin gini ya gani, kewayewa yake yi.